Feshin Ruwa a Injin Gas: Yana Yi wa Tantan Ɗin Gasa Aiki, Namu Fa?



Da yawanmu mun ga bidiyoyin nan da ke yawo a Facebook da TikTok na tantan ɗin Amurka yana jan kaya, gabansa ya ɗaga sama, baƙin hayaƙi na tashi kamar an cinna wa tsofaffin tayoyi wuta. Wanda ya bi bayanin zai ji cewa ruwa ake fesa wa injin ta ciki don kada ya narke. Ta nan maganar ta shigo ajinmu: tunda tantan ɗinmu na gida kullum kukansu zafi ne, me zai hana mu ɗauko dabarar a matsayin furojet? Har na ji wani yana lissafin kuɗin famfo da tiyo. Ni dai abin da na gano shi ne dabarar gaskiya ce, tana aiki, amma zafin da take magani daban, zafin da ke kashe mana injina a Kankiya da Kusada daban. Zan bi abin da lissafi, don kowa ya ɗauko kalkuletarsa ya duba, kada a ce ra'ayina ne kawai.

Ita gasar ta samo asali ne daga manoman Amurka da ke gwada ƙarfin dawakansu, kamar dai yadda namu ke cika baki da shanun huɗa. Da tantan ya maye gurbin doki sai gasar ta koma kansa. Babban taronta na shekara ana yin sa a garin Bowling Green na jihar Ohio tun 1967, a 1969 kuma aka kafa ƙungiyar NTPA mai tsara dokokinta. Filin ba shi da tsawo, ƙafa 300 ne a al'ada, kusan mita 91 ke nan. Abin da ake ja wata doguwar tirela ce mai tayoyi a baya da faffaɗan faranti na ƙarfe a gaba. A kanta akwai akwatin nauyi da ke matsowa gaba yayin da ake janta. Yana matsowa, nauyin na barin tayoyi yana komawa kan farantin, farantin na cizon ƙasa, har tantan ya gaza. Wanda ya fi yin nisa shi ya ci. Duk abin bai wuce daƙiƙa goma zuwa ashirin ba. Ku riƙe wannan adadin, za mu buƙace shi.

Daga ina zafin yake zuwa?

Injin gas ba shi da fulogi. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta kusan ninki 16, ta yi zafin da ya haura digiri 500, sai nozul ta fesa gas, ya kama da kansa. Saboda haka ƙarfin injin ya ta'allaƙa ne ga yawan iskar da ta shiga. Ko ka buɗe mai iyakar buɗewa, in babu iskar da za ta ƙone shi, baƙin hayaƙi kawai za ka samu. Shi ya sa aka ƙirƙiro turbo: hayaƙin salansa ya juya wata fanka, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke cusa iska cikin injin da ƙarfi. Masu gasa ba su tsaya a turbo ɗaya ba. A wasu rukunan sukan jera biyu, uku, har huɗu, wannan na hura wa wannan, har matsin iskar ya kai ninki goma na wadda muke shaƙa, ya ma wuce. Da haka ne injin da aka ƙera don gona yake ba da ƙarfin doki sama da 2,000.

To amma duk wanda ya taɓa yi wa keke iska ya san gindin famfon yana ɗaukar zafi. Matsa iska na ɗumama ta. Wanda bai gudu daga lakcar tamodainamiks ba zai tuna ƙa'idar: T2 = T1 × (P2/P1)^0.286, zafin kuma a ma'aunin Kelvin. Mu ɗauki iskar bazarar Katsina, digiri 40, wato Kelvin 313. In ka ninka matsinta sau biyu, takarda za ta ba ka digiri 108. Da yake turbo ba ya aiki ɗari bisa ɗari, a zahiri za ka ga kusan 140. In ka ninka sau goma, takarda ta ce 332, zahiri kuwa ya haura 400. Ka ji fa, iskar da ko shiga silinda ba ta yi ba, ko a matse ta ba a yi ba. Fistin kuwa da alminiyom ake yin sa, alminiyom yana narkewa a digiri 660, yana kuma yin laushi tun kafin nan. Ga wata asarar kuma: iska mai zafi sakayau ce, a mazubi ɗaya oksijin ɗinta bai kai na mai sanyi ba.

Manyan motoci masu turbo suna maganin wannan da lagireton iska da ake sawa tsakanin turbo da injin. A gasa, wasu rukunan doka ta hana shi, ga shi kuma zafin ya yi yawa. Nan ruwa ya shigo.

Sirrin ruwa ba a sanyinsa yake ba, a zamansa tururi yake. Kafin ka ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 25 zuwa 100 za ka kashe kilojul 314. Amma kafin wannan kilo ɗin ya bar zama ruwa ya koma tururi, sai ya sha kilojul 2,257, ninki bakwai ke nan, kuma zafin nan daga abin da ke kusa da shi yake zuƙo shi. Abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan, shi ne kuma aikin gumi a jikinmu. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, da wannan ƙa'idar ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyahu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Malamin foli ne irin namu, don haka kada wani ya raina ilimin randa.

Iska kuwa ba ta da wuyar sanyayawa: kilojul ɗaya ya isa ya sauke kilo ɗaya da digiri ɗaya. Ke nan in kana son sauke kilo ɗaya na iska da digiri 100, kilojul 100 kake nema. Raba da 2,257, za ka samu giram 44 na ruwa. Cokali uku na cin abinci! Ledar fiyawota ɗaya za ta yi wa kilo 11 na iska wannan aikin. Ni wallahi da na fara yin lissafin sai da na sake shi.

Kayan haɗin ba su da yawa: tankin ruwa, famfo mai ƙarfi, nozul masu ƙananan ƙofofi da ke mai da ruwan kamar hazo, sai makunni mai jin matsin iska, wanda ba ya barin ruwa ya fita sai turbo ya ɗauka sosai, ya kuma yanke shi da zarar matsin ya faɗi. Ana dasa nozul ɗin tsakanin turbo da turbo, da kuma kafin iska ta shiga silinda. Ragowar ɗigon da bai ƙafe a hanya ba yana ƙafewa a ciki, ya rage zafin wutar da na hayaƙin da zai je ya bugi fankar turbo.

Kuma dabarar ba sabuwa ba ce. Tantan ɗin Rumely OilPull da aka fara ƙerawa a Amurka a 1910 kananzir yake sha, ana haɗa masa da ruwa don kada wuta ta riga lokacinta. A yaƙin duniya na biyu Jamus ta sa wa jiragen yaƙinta haɗin ruwa da metanol rabi da rabi mai suna MW 50, Amurka ma ta yi irinsa a jirginta P-47. BMW ta dawo da shi a motarta M4 GTS a 2016. Kamfanin Wärtsilä na Finlan ya yi amfani da feshin ruwa a injinan jiragen ruwa, shi don rage gubar hayaƙi ne. In ka cire na jiragen ruwa da na kananzir, sauran duk magana ɗaya ce: injin da ake cusa wa iska da ƙarfi, ana neman ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa na ɗan lokaci.

Mu dawo gida

Tantan ɗin da aka fi gani a wajenmu irin su Massey Ferguson 375 ne, silinda huɗu, ƙarfin doki wajen 75, kuma babu turbo. Wannan kaɗai ya kusa kashe maganar. Iskar da yake zuƙa ba a matse ta ba, digirinta na waje ne, 35 ko 40. Babu wasu digiri 400 da za a sauke.

Amma mu yi wa masu ra'ayin adalci, mu ƙarasa lissafin. Injin mai lita huɗu da ke juyi 2,200 a minti yana zuƙa sau ɗaya a kowane juyi biyu, wato wajen kilo 4.5 na iska a minti. A ranar da iska ta bushe ƙarau, feshi zai iya sauke ta daga 40 zuwa kusan 20, ba zai wuce nan ba, domin iska in ta ƙoshi da danshi ba ta ƙara karɓa. Kilojul 90 ke nan a minti, da ruwa giram 40. A wuni na awa takwas, lita 19, kusan jarka guda. Ribar ita ce iskar ta ƙara nauyi da kashi shida cikin ɗari, ko ƙasa da haka, tunda tururin ma yana cin wuri. Sannan ku tuna yaushe tantan ya fi shan wahala a Kankiya da Kusada: faɗuwar damina, Yuni zuwa Yuli, lokacin kaftu da huɗa, lokacin da iska ta riga ta yi laima. Ribar sai ta ƙara tsukewa.

Yanzu mu duba ɗaya zafin. A ƙiyasi, ƙarfin da ke cikin gas kashi uku yake rabuwa: kusan ɗaya ya zama aiki, kusan ɗaya ya fita ta salansa, ragowar ya bi ta ruwan injin zuwa lagireto. Doki 75 kilowat 56 ne. Mu ce lagireto na zubar da kilowat 40 in ana aiki sosai, wato kilojul 2,400 a kowane minti. Sa shi kusa da 90 ɗin da feshi ya cire. Bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba. In ka ce ruwan feshi ne zai yi aikin lagireto gaba ɗaya, sai ka tanadi fiye da lita ɗaya a minti, duro biyu da rabi a wuni. Mai gasa bai damu da wannan ba, daƙiƙa goma sha biyar zai yi. Wasunsu ma ba sa sa ruwa a jikin injin sam, ƙarfen ya sha zafin, a kashe, a jira ya huce. Namu kuwa daga hantsi har la'asar yana cikin gona, gobe ma haka.

Ga haɗarin da ba a faɗa a bidiyo. Ruwa ba ya matsuwa. Silinda ɗaya ta irin wannan injin tana ɗaukar kusan lita guda, in fistin ya kai ƙololuwa sararin da ya rage bai fi mililita 65 ba, ko rabin kofin shayi bai kai ba. In makunni ya maƙale, ko tiyo ya ci gaba da tsiyaya bayan an kashe injin, ruwa ya taru ya kai haka, kana ba shi wuta fistin zai daki abin da ba ya motsi. Abin da zai ba da kai shi ne konrod, ya lanƙwashe ko ya karye ya fasa bulok. Ko bai kai nan ba, ruwan da ya zurara ta gefen ringi zai gauraya da baƙin mai ya mai da shi kamar koko, ga tsatsa. Mai gasa yana juye baƙin mai a kai a kai, yana kwance injinsa ya duba. Mai tantan ɗin haya a Kusada sau nawa yake iya wannan a damina ɗaya?

Abin da ke dafa injinanmu

Na yi wata huɗu na koyon aiki a wani gareji a Kankiya bayan shekarar farko. Duk tantan ɗin da aka kawo da kukan zafi, ogan garejin bai taɓa fara buɗe injin ba. Gaban lagireto yake zuwa, ya haska tocila ta baya. In haske bai ratso saƙar ba, sai ya ce: "Ɗan makaranta, zo ka gani. Mi za ka karanta da ya wuce wannan?" Ƙura ce da ƙaiƙayi da ɗiyan ciyawa suka toshe ta. Ƙasarmu jigawa ce, faifan haro yana tayar da ita, fanka kuma tana zuƙo ta kai tsaye. Maganin a hura iska ko ruwa daga ɓangaren fanka zuwa waje, ba daga gaba ba, don kada a ƙara cusa dattin.

Sai ciki. Ruwan rijiya da na burtsatse ake zubawa, kuma da yawansa yana ɗauke da gishirin ƙasa. Leƙa butar mai shayi ka ga farin abin da ya kama gindinta. Shi ne ke kamawa a bututun lagireto da jikin silinda, ya hana zafi ratsawa. Mafi muni shi ne tantan mai yoyo da ake yi wa ciko sau uku a rana, domin ruwan na tafiya, gishirin na zama. Ruwan sama da aka tace ya fi, ko wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, a haɗa da ruwan kulan mai hana tsatsa.

Murfin lagireto ma an raina shi. Ba rufi kawai yake yi ba, matsi yake riƙewa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, da matsin rabin bar sai ya kai wajen 111, da bar ɗaya kuwa 120. Wanda ya ɓatar da murfi ya toshe bakin da tsumma ya zubar da wannan ratar ke nan. Fambel mai sako-sako kuma yana zamewa, fanka da wata-famfo duka su rage gudu.

Akwai wata al'ada da nake ganin kuskure ce, ko da yake manyan makanikai da yawa suna kanta: cire tamostat, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Shi dai aikinsa ya rufe hanya har ruwa ya kai wajen digiri 80, sannan ya buɗe. Injin da ke yawo da sanyi ba ya ƙone mai da kyau, ringinsa kuma na saurin cinyewa. A wasu injinan ma tamostat ɗin ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin. Ka cire shi, wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa bai leƙa lagireto ba. In ya lalace a saya sabo, bai kai kuɗin gaskit ba.

Saura direba. In ya sa babbar giya a ƙasa mai nauyi don ya gama gona da wuri, juyin injin sai ya faɗi, mai na shiga da yawa, fanka kuma na juyawa a hankali. Zafi na ƙaruwa, mai kwashe shi na raguwa. In ka ji injin na nishi yana baƙin hayaƙi, giya ɗaya ƙasa yake roƙo.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani tantan ne da aka jawo daga wata gona ta wajen Kusada a makon farko na shuka. Direban ya ga tururi, ya kashe injin nan take, ya buɗe murfi da tsumma, Allah ya tsare fuskarsa, ya kwarara ruwan rijiya mai sanyi. Kan silinda ya tsage. Ƙarfe mai zafi in ɓangare ɗaya ya huce farat ɗaya, ya tsuke, ɗayan bai tsuke ba, dole ya dare. Sai da ya kwana kusan goma sha huɗu ana neman kaya. Manoman da suka ba da kafin alƙalami suna zuwa garejin da kansu suna tambaya, wasu suka koma neman shanu, wasu suka yi shuka a makare, kuma kowa ya san abin da makara ke nufi a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu. Abin da ya kamata shi ne, in fambel bai tsinke ba kuma ruwa bai zube ba, a ɗage garma, a bar injin yana juyi a hankali na 'yan mintoci, allura ta sauka, a kashe, a jira. Ciko kuma a yi shi kaɗan-kaɗan. In ruwan ya tsiyaye ko fambel ya tafi, a kashe nan take, a nemi inuwa a zauna.

Abin dariyar shi ne sanyaya injin da tururi muna da shi a kowace unguwa. Injin niƙa mai silinda ɗaya, irin na Sin ɗin nan mai buɗaɗɗen mazubi a kansa, ruwan tafasa yake yi ya tafi da zafin, kilojul 2,257 a kowane kilo, mai injin ya ƙara wani. Irin Lista mai duro kuwa ko famfo babu: ruwan zafi ya hau ta tiyon sama, mai sanyi ya dawo ta na ƙasa. Abin lura ɗaya, in ruwan duro ya sauka ƙasa da bakin tiyon sama, zagayen ya tsaya cak, ko da duron na nan da ruwa fiye da rabi. A duk waɗannan, ruwan yana bayan bangon silinda, ba ya haɗuwa da fistin.

Ga wanda har yanzu zuciyarsa na kan furojet ɗin feshi, akwai hanyar da ba za ta ci injin kowa ba: a fesa ruwan a kan saƙar lagireto ta waje. Subaru da Mitsubishi sun yi irin haka a kan lagireton iska na wasu motocinsu na tsere. Giram 100 a minti, in duka ya ƙafe, zai kwashe kilojul 225, kusan kashi ɗaya cikin goma na aikin lagireto, kuma ana iya sa makunni mai jin zafi ya buɗe shi sai allura ta haura 95. Tambayar da furojet ɗin zai amsa ita ce ta ƙura: ruwa da ƙurar jigawa laka suke zama, kuma laka a saƙa ta fi busasshiyar ƙura toshewa. Ana buƙatar ma'aunin zafi biyu, ɗaya a tiyon sama ɗaya a na ƙasa, a auna da saƙa mai datti, a wanke a sake aunawa, sannan a kunna feshi a auna na uku, duk a gona ɗaya da giya ɗaya. Hasashena shi ne wankin kaɗai zai ba da fiye da abin da feshin zai bayar, amma ban ga wanda ya auna a tantan ɗinmu ba. Mu 'yan ajin ƙarshe lokaci ya ƙure mana. 'Yan shekarar farko da za su fita koyon aiki, ku nemi ma'aunan tun yanzu a wajen masu kula da wokshof.